Shagon da Aka Raba Biyu

Babana ɗan sarin atamfa ne a Gumel. Tun da na yi wayo nake ganinsa a shago guda a bakin kasuwa, mai faɗi, da ƙofar ƙarfe biyu da rumfar kwano a gaba. Ba babban attajiri ba ne, ko a unguwarmu akwai waɗanda suka fi shi, amma daga Gagarawa har Sule Tankarkar da wuya ka sami mai teburin atamfa da bai san shi ba, don a hannunsa yawancinsu suke sari. Shi zai je Kano ya ɗauko kaya dila-dila, su kuma su zo Gumel su ɗauki abin da ƙarfinsu ya kai, su ɗaure a bayan babur su bi kasuwannin ƙauye.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ba ya kiran sunana. Ko dai ya ce "kai", ko kuma idan da mutane ya ce "yaron nan". Hira ma ba ma yi irin wadda yake yi da ƙannena. Abin da na sani game da shi, yawanci a shagon nan na tsince shi, ina zaune a kan benci bayan an tashi daga makaranta, ina jin yadda yake magana da wasu.

Ba shi kaɗai ne a shagon ba. Akwai ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa. Baba mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, zai iya rabin yini bai ce komai ba sai amsa gaisuwa. Baffa kuwa tun daga bakin tasha za ka jiyo dariyarsa. Shi ke tarar baƙi, shi ke tsokanar 'yan ƙauye, shi ke warware turmi a kafaɗarsa ya yi tafiyar amarya don ya nuna wa mai saye yadda zanen zai zauna. Idan azahar ta yi aka kawo abinci daga gida, a kwano ɗaya suke ci, kuma duk wanda ya zo sari a lokacin sai ya wanke hannu ya zauna. Ban taɓa ganin sun ci abincin nan su biyu kaɗai ba.

Ranar da kaya suka iso daga Kano ita ce ranar da na fi so. Da an yanke igiyar dila, wani ƙamshi na sitaci da sabon rini zai cika shagon, ya kama rigarka har ka koma gida da shi. Baba zai zaro turmi ɗaya, ya murza gefensa tsakanin yatsu, ya ɗaga shi wajen haske, sannan ya miƙa wa Baffa. A lokacin yawancin atamfar 'yar gida ce, daga masaƙun Kano da Kaduna. Tana da nauyi a hannu. Mace za ta ɗaura ta shekara da shekaru, ta goya yara da ita, in ta tsufa a mayar da ita shimfiɗar jariri.

Alhamis kuma ta Maigatari ce. Da an idar da sallar asuba za a loda a-kori-kura, mu bi hanyar nan muna wuce garkunan shanu da raƙuma da ake korawa kasuwa. A can Baba yana da rumfa. Mutanen Nijar suna tsallako iyaka su zo wurinsa, da Hausarsu ta Damagaram, suna ƙorafin 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, sun tsare musu kamiyo, babbar motar kaya, tun jiya. Akwai wani dogon mutum daga wajen Magariya da ke ce mini ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, kullum sai ya zuba mini dabino a aljihu. Yakan zauna ya sha shayi kofi bayan kofi, ya ba da labarin damina da na aure da na rasuwa, sai rana ta karkata sannan ya tuna da abin da ya kawo shi.

A Kano kuwa Baba yana da maigida, wato babban ɗan kasuwar da yake ɗaukar kaya a hannunsa. Wani Alhaji ne a Kantin Kwari, wanda tun Baba yana saurayi ya riƙe shi. A gidanmu ba a ambatonsa sai an haɗa da addu'a. Idan Baba ya je Kano a zauren gidansa yake sauka. Da aka haifi ƙanwata, shi ya aiko da ragon suna.

Ba rana ɗaya abubuwa suka sauya ba. Da fari dai labari muka riƙa ji cewa masaƙa kaza ta rufe, an sallami ma'aikata. Sai atamfa 'yar gida ta fara wuyar samu, ta yi tsada. Sai manyan alhazan Kano suka fara tafiya China suna sa a buga musu irin zanen da mata ke so, su shigo da shi. Wannan bai taɓa Baba sosai ba. Ya yi ɗan gunaguni kan cewa sabuwar ba ta da jiki, amma dai hanyar tana nan yadda take: Alhaji ya kawo, Baba ya ɗauko, 'yan ƙauye su ɗauka a wurin Baba. Kowa yana samun abin kai wa gida.

Abin da ya girgiza mu shi ne lokacin da masu yin atamfar, 'yan China, suka zo da kansu. Suka kama sito-sito a Kano, suka zauna, suna sayar wa duk wanda ya shigo. Mai son dila a ba shi, mai son turmi biyu ma a ba shi, kuma kusan farashi ɗaya. Wayar hannu ta riga ta shiga kowane ƙauye, labari bai daɗe ba ya kai. 'Yan teburin da ke zuwa wurinmu suka fara haɗa kai su tura mutum ɗaya Kano ya yi musu sari. Motar da ke ɗauke da su ta gaban shagonmu take wucewa. Wasu su ɗaga wa Baba hannu, wasu su sunkuyar da kai kamar suna gyara takalmi. Baba yakan ɗaga musu hannu duka.

A lokacin ina karatu a kwalejin horar da malamai a Kano. Wata rana da hantsi sai ga kiran Baba, abin da ba ya yi. Ya ce ya shigo gari, in same shi a Kwari in ba ni da darasi. Ina da darasi, amma na tafi.

Na tarar da shi tsaye a ƙofar shagon Alhaji, da babbar rigarsa fara ta zuwa Juma'a. Shagon da na sani cike har rufi, yanzu kantocinsa rabi babu komai. Alhaji yana zaune a kan darduma da carbi, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Muka durƙusa muka gaishe shi. Bayan an gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne in ji yadda za a yi. Mutanena duk sun watse."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya nuna sama da yatsa, wajen benen da ke kan shagon, inda dā sitonsa yake.

"Ka ga saman nan? Na ba 'yan China haya. Yanzu da kuɗin hayar nake ciyar da gida."

Baba ya ɗaga kai ya dubi benen.

"Ni ma da na je can na sa aka buga mini," in ji Alhaji, "kafin kayana su iso, sun riga sun sauke irinsa a nan, sun sayar ƙasa da yadda ya tsaya mini. Da wa zan yi rigima? Mai abu ne ya kawo abinsa. Na yi wa na saman nan maganarka. Yana neman wanda ya san arewacin Jigawa da bakin iyaka. Ka hau ka gan shi."

"Ranka ya daɗe, in bar hannunka in koma hannun wani?"

"Ba kai ka bari ba, ni na sake ka. Ka hau."

Muka hau. Matattakalar ƙunci gare ta, 'yan dako suna saukowa da kaya a ka, sai mun manne da bango. A sama muka sami ɗan China ɗin, saurayi ne, da kyar in ya girme ni da yawa, yana sanye da riga mai gajeren hannu da silifas. Ya miƙe ya ba Baba kujerarsa, ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Yaya hanya? Yaya iyali?" da Hausa mai ɗan tsinkewa amma ana ganewa sarai. Na ga Baba ya ɗan yi turus. Ina jin ya shirya wa mutum mai girman kai ne, sai ya tarar da yaro mai ladabi.

Ya sa aka warware mana atamfofi a kan tebur. Launinsu yana ɗaukar ido, zanen kuwa har da irin waɗanda Inna, mahaifiyata, take da su a akwati tun na aurenta. Baba ya murza gefen ɗaya. Sulɓi gare ta, marar nauyi, irin wadda mata suka sa wa suna atamfar roba.

"Tana zuba?" Baba ya tambaya.

"Wannan, kaɗan. Wannan, ba ta zuba, amma ta fi kuɗi. Mutane suna son mai araha." Ya yi murmushi. "Alhaji, kai ka san mutane, ni ina da kaya. Ka zama wakilina. Gumel, Maigatari, har Nijar."

Baba ya yi masa godiya, ya ce zai yi shawara.

Da muka fito bai nufi tasha ba. Ya ja ni wurin wata mai tuwo a bayan masallacin kasuwa, inda ya ce nan yake cin abinci tun kafin a haife ni. Muka zauna a benci ɗaya. Ranar ce ta farko da na ci abinci kafaɗa da kafaɗa da shi. Ya ci loma kaɗan ya tsame hannu.

"Kai da ka yi boko," ya ce, yana kallon gabansa, "gaya mini. In shi ya saƙa, shi ya ɗauko, shi ya sarar, kuma shi ya sayar da turmi ɗaya, to mu a ina za mu tsaya?"

Na fara kawo masa abin da muke ji a aji, cewa an buɗe kasuwa ne don kaya su yi sauƙi, talaka ya samu, kuma ko'ina a duniya haka ake yi yanzu. Ya saurare ni har na gama.

"Haka ne," ya ce. "Talaka zai samu. Ban ce ƙarya ba ne." Ya wanke hannu. "Amma yaron nan ba wakili yake nema ba. Hanya yake nema. Ran da ya san hanya, ya gama da mai nuna ta."

Da ya koma gida ya gaya wa Baffa yadda aka yi. Ban kasance a wurin ba, Inna ce ta ba ni labari da na zo hutu. Ta ce a zaure suka zauna bayan la'asar, ba wanda ya ɗaga murya, amma tana jiyo su daga tsakar gida. Baffa ya ce, "Yaya, in ba mu karɓa ba wani zai karɓa, kuma a gabanmu zai buɗe. Ina da 'ya'ya mata sun tasa. Da me zan yi musu kayan ɗaki?" Baba ya ce shi ba zai iya sayar wa mace zanen da zai koɗe kafin wata Sallar ba, alhali gobe za su haɗu a hanya. Baffa ya ce ai ita ma mai sayen ta san abin da ta saya, ba wanda ya rufe ta. Daga ƙarshe Baba ya ce, "To ka karɓa. Ban hana ka ba, kuma ban yi fushi ba. Amma kada a haɗa mini kaya."

Haka aka kira kafinta ya kafa katangar filawud a tsakiyar shagon. Da ma ƙofa biyu ce, kowa ya ɗauki ɗaya. Da na zo na gani sai na ji kamar an raba ɗakin Inna. Katangar ba ta kai rufi ba, ana jin tarin juna ta sama.

Ɓangaren Baffa ya cika nan da nan. 'Yan teburin da suka gudu suka dawo, tunda ga kayan Kano a farashin Kano ba sai sun biya mota ba. Babura suka sake jeruwa a ƙarƙashin rumfar. Sai dai duk wanda ya zo, sai ya fara leƙa ƙofar Baba ya gaishe shi, ya tambayi lafiya, ya taɓa atamfa mai nauyin nan ya ce, "Kai, wannan ita ce atamfa," sannan ya zame ya shiga ɗaya ƙofar. Baba yana zaune da 'yan turamensa masu tsada, waɗanda sai mai haɗa lefe ko matar wani babban ma'aikaci ke tambaya. Abincin rana har lokacin kwano ɗaya ake kawowa, amma sau da yawa Baffa yana tsakiyar ciniki, sai ya ɗaga murya ta saman katangar ya ce, "Yaya, ci kawai, ina zuwa." Baba ya rufe kwanon ya jira. Wani lokaci har la'asar.

A shekarun nan rediyo ba ya barin kunnen Baba. Ana ta maganar cewa 'yan kasuwa sun kai kuka, wai a hana baƙi sayar da kaya ɗai-ɗai, su tsaya a masana'anta su bar wa 'yan ƙasa kasuwa. Duk ranar da aka yi irin wannan shiri sai ka ga ya ɗan sake, ya ce wa Inna ƙila a duba. Sai maganar ta lafa. Bayan wani lokaci ta sake tasowa, ta sake lafawa. Daga baya ya daina ƙara murya in an fara ta.

Wani abu ya faru a gabana ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah. Akwai wata dattijuwar Bafulatana daga wata ruga kusa da Ɗanzomo, wadda kowace shekara take zuwa wurin Baba ta yi sayayyar Sallah, ta kawo masa man shanu a ƙaramar ƙwarya. Ranar ta zo da jikokinta mata, sun kai su shida ko fiye, ƙanana da 'yan mata, duk sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Baba ya ce mata jaɓɓama, marabar Fulani, ya shimfiɗa mata tabarma. Ta ce ɗanta ya rasu da rani, yaran nan duk sun dawo hannunta. Ta sayar da tunkiya, tana so kowacce ta sa sabon kaya ranar idi.

Baba ya sauko da turmi, ta shafa, ta tambayi kuɗi. Da ya faɗa sai ta juya ta dubi yaran. Ta ce to a ba ta ɗaya, manyan biyu su raba, ƙananan sa haƙura sai baɗi. Ƙaramar cikinsu ta ji, ta ɓoye fuska a zanen kakarta.

Baba ya naɗe turmin ya mayar kan kanta. Ya miƙe ya sa takalmi.

"Goggo, taso mu je."

Ya fita ta ƙofarsa ya shiga ta Baffa, karo na farko tun da aka kafa katangar. Baffa ya miƙe tsaye da sauri har sandar awo ta faɗi daga hannunsa. Baba ya bi kantocin da ido, ya zaro wannan ya murza ya mayar, ya zaro wancan, har ya ware waɗanda ya ga sun fi dama. Ya ce wa Baffa, "Ka yanka wa kowacce nata, har ita." Ya juya wurin tsohuwar ya ce, "In za a wanke, a sa gishiri a ruwan fari, kuma a shanya a inuwa. Za ta ɗan jima."

Yaran suka fita kowacce rungume da ledarta, suna ta magana da Fulatanci suna dariya. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar man shanun a ƙofar Baba duk da haka.

Da yamma ya ba Inna labari, yana cewa abin ya tsaya masa a rai. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, kai atamfa kake kallo. Ni kuwa yaran maƙwabta nake kallo ranar Sallah. Dā a layin nan gida nawa ne ake kulle yara a ɗaki don ba su da sabon kaya? Yanzu ka ga an kulle wani?" Baba ya ce bai gani ba. Ta ce, "To." Can kuma ta ƙara da cewa, "Amma ni dai kada ka kawo mini ita."

Baffa ya yi 'yan shekaru yana cin kasuwa. Ya aurar da 'ya'yansa mata cikin rufin asiri, ya sauya rufin gidansa, ya sayi mota ƙarama. Ɗan China ɗin ya haɗa shi da wasu samari biyu 'yan Kano, wai su riƙa taya shi rarraba kaya. Suka bi shi Maigatari, suka bi shi Gagarawa Tasha, suka bi shi duk ƙauyen da ake cin kasuwa. Yara ne masu fara'a, kowa suka gani sai sun karɓi lambar wayarsa. Baffa har gida yake kawo su su ci tuwo.

Sannu a hankali 'yan tebur suka sake yin ƙaranci. Wannan karon ba ma sai sun je Kano ba. Hoton sabon zane zai shigo musu a waya, su zaɓa, a ba direba ya sauke musu a bakin titin garinsu. Wata Alhamis kuma Baffa ya isa Maigatari ya tarar da babbar mota a tsaye kusa da rumfarsa, an buɗe bayanta, samarin nan biyu suna sayar wa mutanen Nijar kai tsaye. Suka gaishe shi da ladabi kamar kullum. Da ya kira Kano, aka ce masa ba a kore shi ba, yana iya ci gaba da ɗaukar kaya kamar kowa.

Na riga na fara koyarwa a lokacin, a wata makarantar firamare a Sule Tankarkar, ina zuwa gida duk ƙarshen mako. Ranar Asabar ɗin ina shagon Baba sai Baffa ya shigo. Bai yi dariya ba, bai tsokane ni ba. Ya zauna a kan tabarma ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na yunƙura zan ba su wuri, Baba ya yi mini alama in zauna.

"Yaya," in ji Baffa, "abin da ka faɗa ya faru."

Na zaci Baba zai ce wani abu game da hakan. Sai ya jawo kwanon abinci, wanda ke rufe tun azahar, ya buɗe, ya tura masa butar wanke hannu.

"Ka aurar da yaran nan ko ba ka aurar ba?"

"Na aurar."

"To alhamdu lillahi. Ni da na zauna a nan me na aurar? Ci abinci."

Dambu ne ranar, ya riga ya huce. Suka ci, ni ma na sa hannu. Washegari Baffa ya zo da guduma da kansa ya ɓalle katangar. Filawud ɗin Inna ta karɓa ta yi wa kajinta akurki.

Amma shagon bai koma yadda yake ba. Ya zama babban ɗaki mai kaya kaɗan da tsofaffi biyu a ciki. Suka daina sari gaba ɗaya, suka koma yanka yadi ɗai-ɗai ga matan gari da teloli. Zuwa Maigatari ya zama sai jefi-jefi, daga baya suka bar wa wani mai sayar da takalman roba rumfar. Alhajin Kano ya rasu a wata damina, suka je ta'aziyya tare, kuma tun daga ranar ban ƙara jin Baba ya ce zai shiga Kano ba. Da ɗan Baffa ya gama sakandare bai sami aiki ba, suka ba shi shagon. Kayan waya yake sayarwa yanzu, caja da batir da abin sawa a kunne. Shi ma a wurin baƙin yake sarowa, kuma yana cewa alhamdu lillahi.

Su kuwa suka koma gonar gado da ke kan hanyar Gagarawa, wadda dā sai dai su ba da aro. Riɗi suke nomawa. Kaka da ta wuce na je na same su ana kaɗe shi. An jingina dammunan a tsaye sun bushe, an shimfiɗa tamfol, ana kifa kowane dami ana bugunsa da sanda, ƙwayar tana zuba kamar yayyafi. Baba ba ya iya sunkuyo sosai yanzu, yana zaune a gindin wata aduwa yana tsince ƙasa da kara daga abin da aka tara. Baffa ne ke bugu tare da 'yan ƙwadago, yana tsokanarsu, dariyarsa ta ɗan dawo.

Muna nan sai ga wani saurayi a kan babur da sikeli a ɗaure a baya. Wakilin wani kamfanin baƙi ne da ke sayen riɗi yana fitarwa waje. Har gona suke biyo manoma yanzu, ba sa jiran a kai kasuwa. Ya gaishe su, ya ɗebi riɗin ya duba, ya faɗi farashin ranar kamar yadda aka turo masa a waya. Baffa ya so ya ja ciniki, yaron ya ce shi ba shi da iko, daga sama ake yankewa. Baba ya ce a auna.

Ana cikin awo ya juyo wurina.

"Kai, wai a can me suke yi da shi ne haka?"

Na ce mai suke tatsa, wasu kuma su barbaɗa a kan burodi.

"A kan burodi," ya maimaita, ya girgiza kai yana murmushi. Ya juya ƙwayoyin a tafin hannunsa. "Yaron nan na saman bene, ko yana nan har yanzu? Na so in tambaye shi ko babansa ma ɗan kasuwa ne. Ban tambaya ba."

Na ce ban sani ba, amma zan bincika in na shiga Kano. Ya ce a'a, in bar shi, magana ce kawai.

Kafin a ɗinke buhun ƙarshe ya sa aka ɗebar masa 'yan tiyoyi a gefe, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, na Inna ne za ta yi kantu. Ya ce in zauna zuwa jibi in tafi wa yarana da shi. Na ce ina da aji ranar Litinin. Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gidan. Na bar su a gindin aduwar, Baffa yana kakkaɓe tamfol, Baba yana neman takalminsa ɗaya a cikin karan riɗi.